Gurbin da Babu a Takarda

Shekara tara ina auna mutane
a wata ma'aikatar gyaran jiragen ruwa a Gdansk.
Ofishina a sama, tagata na kallon teku.
Takarda ɗaya, gurbi bakwai:
sammako, yawan awoyi, biyayya, tsafta,
da sauran abin da alƙalami ke iya ƙirgawa.

Zygmunt ya cika kowane gurbi.
Fitilarsa ce ke mutuwa a ƙarshe,
rahotonsa kan iso kafin shayin manaja ya huce.
In ana taro, muryarsa ce a gaba,
in za a ɗau hoto, kafaɗarsa na gogar ta shugaba.
Na ba shi goma bisa goma, hannuna ko rawa bai yi ba.

Bogumila kuwa, mai walda,
ta sha makara saboda jikanta mai tari.
Ba ta rubuta rahoto.
Tana da 'yar guduma, ƙotar ta yi baƙi don riƙo.
Takan bi cikin jirgi tana ƙwanƙwasa ƙarfe
kamar mai zaɓen kankana a kasuwa,
ta kara kunne, ta yi tsit,
sannan ta zana da'ira da alli: nan ne.
A yanka wurin, sai ga tsatsa ta ci rabi.
Na ba ta shida.
Babu gurbin kunne a takardata.

Babu gurbin daren da ƙanƙara ta daskarar da igiyoyi,
ta ƙi sa hannu a kan wani jirgin kamun kifi,
mai shi na kumfar baki, kwanaki na cin kuɗinsa.
"Mutum goma sha huɗu za su kwana a ciki," in ji ta,
"in na sa hannu, ni ce ba zan yi barci ba."
Babu gurbin Dobrawa, da ta zo hannu na karkarwa,
tsohuwa ta tsaya a bayanta wata uku
tana tallafe mata gwiwar hannu
har ɗinkin wuta ya miƙe.

Sai shekarar da aiki ya ja baya.
Aka ce in kawo sunaye, in fara daga ƙasa.
Lissafi ba shi da kara.
Ta karɓi wasiƙar, ta ninke ta huɗu,
ta cusa cikin safar hannu, ta ɗau gudumarta.
Zygmunt ya zauna.
Wata goma sha ɗaya ya ƙara
kafin a ɗaure ƙofar da sarƙa, har da ni a waje.

Bara na gan shi a layin neman aiki
da jaka cike da takardun yabo,
kowace da hatimin kamfanin da ya riga mu kwanta dama.
Ban yi dariya ba. Jakata ta fi tasa nauyi.

Ita kam, wayarta ba ta huta ba.
Matuƙan jiragen ba su san makin da na ba ta ba,
sun dai san jirgin da ya dawo da mutanensa.
Daga Gdynia ake aiko mota, wani sa'in daga Szczecin.
Dobrawa, da yanzu ke da nata shago,
ba ta kunna wuta a babban aiki
sai tsohuwa ta zo ta ƙwanƙwasa.

Na tarar da ita wata Asabar a bakin ruwa
tana cin burodi da kyafaffen kifi.
Na ce, ki yafe mini shidan nan.
Ta yi dariya har ta ƙware.
"Ashe shida ne? Ban taɓa dubawa ba."
Ta goge hannu a wando, ta miƙo mini gudumar.
"Buga nan."
Na buga.
"Me ka ji?"
Na ce, ƙarfe.
"To, sake bugawa."

Tun daga ranar, duk Asabar ina can,
ni mai furfura, ina koyon saurare.
Makon jiya, kusa da gindin wani tsohon jirgi,
na ji ƙarar ta sauya,
kamar tulun da ya tsage bai sani ba.
Na nemi alli a aljihuna, babu.
Ta ɓalle rabin nata ta ba ni,
ba ta ko dube ni ba.